Idrisa da Gitar Gwanjo

Shekara shida bayan samun mulkin kai, da aka gama ɗaurin gero a Damargu, Idrisa ɗan Jibo ya ɗora wa jakinsa kaya ya bi ayari daga Tanut zuwa Damagaram, a kan zai sayo wa matarsa Kaltuma kwanoni da turmin atamfa. Bayan kwana goma sha biyu ya sauko daga bayan kaminyo, babbar motar kaya, ba jaki, ba kwanoni, ba atamfa. Abin da ke hannunsa kawai wani dogon abu ne naɗe cikin tsohon bargo, ya rungume shi a ƙirji kamar mai jego.

Shi Idrisa duk Tanut an san shi. Ya taɓa yin wata huɗu yana share gidan wani Nasara likitan dabbobi, kuma tun daga ranar ya zama masanin duk abin da ya ƙetaro teku. In agogon wani ya tsaya, Idrisa zai faɗa masa dalili. In jirgin sama ya gifta, zai faɗi garin da ya nufa da abin da matuƙin ya ci da safe. Faransancinsa bai wuce kalma uku ba, amma yana juya su yadda mai ƙosai ke juya ludayi, har wanda bai sani ba ya ɗauka tukunyar cike take.

A ƙofar gidansa ya warware bargon gaban maƙwabta. Gita ce tsohuwa, launin zuma, fentin ya goge a inda hannun mai ita na farko ya saba kwanciya, ga ƙunar taba a gefe guda. Wani dillalin gwanjo ne ya karɓi jakin ya ba shi ita, ya ce ta wani sojan Faransa ce, ta bi hannu uku kafin ta iso rumfarsa. Da gaske kaya ce mai kyau. Ko iska ta taɓa tsirkiyarta sai ka ji wani amo mai sanyi ya fito daga cikinta.

Nan take ya shimfiɗa wa jama'a shirinsa. Ya ji a Damagaram cewa wani ma'aikacin gidan rediyo daga Yamai yana yawo gari-gari da akwatin ɗaukar murya, zai sauka Belbeji, daga can ya iso Tanut nan da mako uku. Za a ɗauki kiɗan Idrisa, a sa a rediyo, a kira shi Yamai, a ba shi gida mai rufin kwano. Ya ce in ya dawo cikin mota kada kowa ya yi fushi in bai gane shi ba, aiki ne zai yi yawa.

Kaltuma ta leƙo daga bakin danga ta tambaya ko abin yana zuwa rijiya, tunda wanda aka bayar dominsa shi ke ɗauko musu ruwa. Idrisa ya ce a Yamai ruwa daga bango yake fitowa, ta yi haƙurin mako uku.

Cikin masu kallon akwai Dado, tsohon makaɗin gurmi, wanda ba a biki ko suna a unguwar sai da shi. Idrisa ya nuna masa gitar, ya ƙirga masa tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya har shida, ya tuna masa cewa gurminsa tsirkiya biyu gare shi, ya kuma ba shi shawara ya fara neman wata sana'a tun da sauran ƙarfinsa.

Dado ya ce, "Allah ya sa albarka, ɗana. Ni shekara arba'in ina lallashin biyu, har yau wata rana sai su ƙi ni. Kai da ka kwaso shida rana ɗaya, sai mu taya ka da addu'a."

Washegari da hantsi Idrisa ya zauna gyara. Abin da ya fara ɓata masa rai shi ne kunnuwan gitar, waɗanda ake murɗawa a ɗaure tsirkiya. Kowanne ya kalli inda ya ga dama, wani gabas, wani kudu. Ya ce wannan sakaci ne irin na soja, ya shiga murɗa su don su tsaya layi ɗaya kamar ƴan fareti. Na farko ya bi. Na biyu ya bi da ƙyar. A na uku tsirkiya ta tsinke ta zane shi daga gefen hanci har kunne. Ya ce ai dama ruɓaɓɓiya ce, ya ci gaba, ta huɗu ma ta tsinke ta zana masa ɗaya kumatun. Da ya fito sallar azahar, Tabawa mai ƙosai ta dube shi ta tambaya ko sabon aski ne na mawaƙan Yamai, don ita ba ta san danginsu da wannan tsagar ba.

Da huɗun da suka rage ya fara koyo, ko da yake shi bai kira shi koyo ba, tunawa ya kira shi. Ya ce yatsunsa ne ke tuna abin da suka gani a gidan Nasara. Rana ta farko kajin Kaltuma suka ƙaura gidan maƙwabta. Rana ta biyu wani dattijo mai kiwo ya yi sallama da ƙullin magani a hannu, ya ce tun safe yake jin akuyarsu tana naƙuda ta kasa haihuwa, bai kamata a bar dabba cikin wannan wahala ba. Idrisa ya bayyana masa cewa wannan pacanga ce, kiɗan mutanen Kuba. Dattijon ya ce Allah ya kawo wa mutanen Kuba sauƙi, ya tafi da maganinsa.

Da Idrisa ya zauna ya yi tunani, sai ya gano cewa laifin na tsirkiyoyin da suka ɓace ne, kiɗa ba ya cika da huɗu. Ya saɓi gita sai rumfar Attahir mai gyaran keke. Attahir ya rantse bai taɓa taɓa irinta ba. Idrisa ya ce ba ilminsa yake nema ba, wayar birki yake so, ilmin yana nan tare da shi. Aka zaro wayoyi biyu daga wani mataccen keke aka ɗaura. Wayar birki kuwa ba ta san lallashi ba. Da aka ja ta, ɗan katakon nan da ke manne a cikin gitar yana riƙe da tsirkiyoyi ya ɗaga baki, ya fara rabuwa da jikinta.

Dado yana wucewa ya tsaya ya duba. Ya ce wannan katakon su makaɗa jaki suke kiransa, don shi ke ɗauke da kayan duka, kuma in aka yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa kwanciya yake. Kafin la'asar maganar ta kai kunnen Kaltuma a bakin rijiya. Ta sauke tulu ta gaya wa mata cewa ashe ba a yi asara ba, an ba da jaki an karɓo jaki, sai dai na da ruwa yake ɗauka, na yanzu wayar keke, kuma ko ita ta gagare shi.

Idrisa ya umarci Attahir ya kafe jakin da ƙusa. Attahir ya ce katakon ya fi faifai rauni. Idrisa ya tambaye shi su biyu wa ya zauna da Nasara. Aka buga ƙusa ta farko, aka buga ta biyu, fuskar gitar ta tsage tun daga ramin tsakiya har ƙasa. Attahir ya ajiye guduma ya ɗaga hannuwa, ya kira mutum biyu su shaida cewa shi umarni ya bi.

Tsagar ba ta dami Idrisa ba. Ya ce bushewa ce, kayan ƙasar sanyi ne ya shigo zafin Damargu, maiƙo yake so. Ya tare wata Bafilatana ya karɓi man shanu cikin ƴar ƙwarya, ya shafe gitar ciki da waje har tana ɗiga, ya jingina ta a rana don man ya shiga. Man ya shiga, warinsa kuma ya fita. Duk inda ya bi da ita karnuka uku na biye da shi cikin ladabi, ya ce ko dabba ta san kiɗa. Kwana biyu bayan haka ya ɗauke ta zai kaɗa, kiyashi suka fito daga ramin kamar an tashi kasuwa, suka bi hannun rigarsa suka shige. Tabawa ta ce a duk mako biyun nan ranar ce kaɗai ta ga rawa ta dace da kiɗan.

To, ya za a yi da kiyashi da tsaga? Idrisa ya tuna cewa in akushi ya tsage, jiƙa shi ake yi ya kumbura ya haɗe. Sai ya nufi babbar rijiya ta bayan gari, inda makiyaya ke shayar da dabbobi. Rijiyar Tanut kuwa ba wasa ba ce, sai an ɗaura igiya a jikin raƙumi ya yi tafiya mai nisa kafin guga ya leƙo. Wani Buzu mai suna Aghali tun asuba yake cika komin shan ruwa don raƙumansa, ya juya ke nan zai koro su, Idrisa ya lallaɓo ya nutsar da gitar cikin komin ya danne ta da dutse.

Raƙuma suka iso suka tarar da man shanu yana yawo a kan ruwa. Suka shinshina suka ɗaga kai, suka ƙi sha. Wani babban amale dai ya ga abin ya yi masa, ya sa baki ya kamo wuyan gitar ya ɗaga ta sama yana lasa, ruwa na zuba daga ramin. Idrisa ya kama gindinta yana ja yana faɗin kalmominsa uku na Faransanci, amale na ja, Aghali na zagi da Buzanci da Hausa a haɗe. Da amalen ya gama da man ya sake ta, Idrisa ya faɗa zaune cikin taɓo da kashin raƙuma. Aghali bai bar shi ya tashi daga wurin ba sai da ya kwashe ruwan komin ya wanke shi, ya kuma bi raƙumi da igiya sau goma sha biyar ya mayar da abin da ya ɓata. Kaltuma tana layin mata da tulunta tana kallo. Ta ce wa ta kusa da ita yau shekara tara da aurensu, ba ta taɓa ganin maigidan ya ja ruwa ba sai da gita ta ji ƙishi.

Tsagar ba ta haɗe ba. Abin da ruwan ya yi shi ne ya narkar da mannin da ke riƙe da bayanta, wuyan kuma da ya bushe ya lanƙwashe kamar baka. Idrisa ya je mahauta ya samo ɗanyar fatar akuya, ya yanka ta siri-siri, ya ɗaɗɗaure gitar tamau yadda ake ɗaure fasasshen turmi. Karnuka suka ƙaru zuwa biyar, ƙudaje kuma ba a ƙirga su. Wayar birki ta yayyanke masa yatsu, ya naɗe kowanne da tsumma, ya ce haka manyan makaɗan Kuba suke yi.

Ranar kasuwa baƙon gidan rediyon ya iso. Mushe Audu sunansa, saurayi mai sanyin magana, da akwatinsa da ake kira manyeto, mai faifai biyu suna juyawa da siririn zare a tsakani. Aka shimfiɗa tabarmi a babbar rumfa, mai unguwa Mamman ya zauna a kujera, jama'a suka yi da'ira har bayan rumfunan gishiri. Mushe Audu ya yi alkawarin in an gama zai jiyar da su abin da makaɗan Belbeji suka yi shekaranjiya. Idrisa ya juya ya fassara wa mutane yadda abin yake: murya kamar hoto ce, in an ɗauka sai an wanke ta ta bushe kafin a ji, shi ya sa ta Belbeji ta nuna, ta yau kuwa sai an kai Yamai. Mushe Audu yana fama da wayoyinsa bai ji ba.

Dado ya fara. Ya kaɗa gurminsa a hankali, ya yi waƙar manoman Damargu, tsofaffi suna gyaɗa kai. Mata suka yi waƙar daka. Sannan Idrisa ya ratso taro cikin wata baƙar kwat da ya aro, da baƙin tabarau, karnukansa suka tsaya a bakin rumfa.

Mushe Audu ya ƙura wa gitar ido. Shi kansa ya koyi kaɗa ta lokacin da yake karatu a Dakar. Ya karɓe ta da yatsu biyu, ya duba ƙusoshin, ya duba fatar, ya leƙa ramin ya karanta takardar da ke manne a ciki. Ya ce wannan da tana da rai, samun irinta sai an je birnin Turawa, ya tambaya wane ne ya yi mata haka. Idrisa ya bugi ƙirji ya ce shi ne, ta zo da kurakuran masu ƙera ta, mako uku ya yi yana gyarawa. Mushe Audu ya mayar masa da ita, ya goge hannu, ya kunna manyeto don kada a ce ya yi wa ɗan gari wulaƙanci.

Idrisa ya ɗora ƙafa ɗaya a kan turmi, ya rufe ido, ya jefa kai baya, ya afka wa wayoyin da dukan yatsunsa biyar. Ya ɗaga murya da wani yare da ya ce na Kuba ne. Raƙuman da ke ɗaure a kasuwar dabbobi suka amsa. Wata mata ta toshe wa goyonta kunnuwa. Shi kuwa a cikin kansa yana Yamai, ana tafa masa. Ya ɗauki lokacin da za a dafa shayi a sha, sannan ya tsaya ya sunkuya kan bakin na'urar ya yi jawabin rufewa. Daga nan ya koma gefe, ya juya wa rumfa baya, ya kafa kai a ƙwaryar ruwa.

Mushe Audu yana shakkar ko pil ɗinsa, wato baturan akwatin, sun yi sanyi, sai ya mayar da zaren baya kaɗan ya kunna don ya gwada. Wani ƙara ya ɓarke daga akwatin, kamar ana jan langa-langa a kan tsakuwa ana kuma yanka ɗan taure a gefe. Idrisa ya ɗago daga ƙwarya, ruwa na bin gemunsa, ya saurara, ya fashe da dariya. Ya ce ashe abin da mutanen Belbeji suke kira kiɗa ke nan.

Mushe Audu ya kai hannu zai kashe, mai unguwa ya riƙe masa hannun riga.

Idrisa ya dawo tsakiyar fili ya cire tabarau don a ga fuskar masani. Ya ce a saurari hannun, wannan bai taɓa riƙe abin da ya wuce tabarya ba. Ya ce a saurari kayan kiɗan, ko mushen gita ne ko kuwa garwar kananzir aka ɗaura wa waya. Da muryar ta shigo sai ya riƙe ciki, ya ce shi ya san yaren Kuba, wannan ba shi ba ne, kukan wanda kunama ta harba ne a wurin da ba ya iya nunawa. Ya ce abin da ya fi ba shi tausayi, irin waɗannan ba su san ba su iya ba, kuma ba a samun mai gaya musu gaskiya.

Dado ya gyara zama ya ce, "Gaskiya ne, ɗana. To kai da ka san abin, me ya kamata a yi wa mai wannan aika-aika?"

Mai unguwa ya ce shi ma yana son ya ji, don hukunci sai da masana.

Idrisa ya ɗaga yatsa mai tsumma ya ce, "Ranka ya daɗe, abu biyu ne. A karɓe abin daga hannunsa a rataye inda ba zai kai ba har ya mutu. Sannan in yana da mata, a tara jama'a a je a yi mata jaje, don ita ce abin tausayi."

Bai rufe baki ba ƙaran ya tsaya, akwatin ya yi gyaran murya, ya ce a fili yadda har masu gishiri suka ji: "Ni ne Idrisa ɗan Jibo na Tanut, sarkin gita na Damargu duka. Mutanen Yamai, ku shirya mini masauki."

Dariyar da aka yi ranar sai da ta tsinka wa wani raƙumi dabaibayi. Attahir ya kwanta a ƙasa yana dukan tabarma. Idrisa ya tsaya da baki buɗe, ya dubi akwatin, ya dubi gitar, ya ce ai ba a wanke ba, ɗanyar murya ce, kowa aka ji tasa ɗanya haka take. Mushe Audu bai yi gardama ba, ya ƙara mayar da zaren baya, gurmin Dado ya fito garau kamar tsohon yana cikin akwatin a zaune.

Tabawa ce ta fara. Ta gyara mayafi, ta ratsa zuwa inda Kaltuma take tsaye, ta durƙusa ta ce mata sannu, ya haƙuri. Sauran mata suka bi layi. Kaltuma ta sunkuyar da kai yadda ake yi, tana amsa wa kowace da cewa haƙuri ya zama dole, Allah ya ba da lada, Allah ya sa kada su ga irinsa a gidajensu. Har Aghali, da ya shigo sayen taba, ya tsaya daga nesa ya ɗaga mata hannu.

Mai unguwa ya sa aka karɓi gitar, aka kai zaurensa, aka kafa tsani aka rataye ta can jikin azara. Bayan wata guda aka ji Dado a rediyo, gari ya taru a rumfar mai shayi ana saurare. Idrisa bai zo ba, ya ce yana da ciwon kai. Amma kafin damina ya warke sarai. Duk baƙon da ya sauka daga Gangara ko Tarka sai ya ja shi zauren mai unguwa, ya nuna masa sama, ya ce tasa ce, hukuma ce ta ajiye ta saboda darajarta, kuma makaɗan Yamai ne suka haɗa baki aka hana sa kiɗansa don kada abincinsu ya ƙare.

Wani falke ya taɓa tambayar mai unguwa dalilin da ya sa aka kai ta can ƙololuwa, inda ko dogo sai da tsani. Mai unguwa Mamman ya ce babban masanin gita na Damargu ne ya yanke hukuncin da bakinsa gaban shaidu, su kuwa a Tanut ba sa saɓa wa masana.